Jirgin da Ya Yi Ta Faɗuwa a Gindin Bedi

Ku gyara zama. Ba gizo ba ƙoƙi a cikin wannan, ni ce a ciki, da jikana, da wani jirgin sama wanda bai taɓa barin tabarma ba. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, baƙin da na sani na allo ne, ɗan abin da nake salla da shi. Ina faɗa ne ana rubutawa, to abin da bakina ya faɗa shi za ku gani.

Shekarar da na samu kujerar Makka, ɗana na fari ne ya yi mini ita. Ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, ba kuwa yau zan fara ba. Haka muka tarar, haka muka yi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a kallon tsabar idonsa. Tun yana cikin zanen goyo uwar mijina ta ɗauke shi, ni nono kawai nake ba shi, shi ma sai na kewaya bayan ɗaki. Ya girma, ya yi furfura a gemu, yana saye da sayar da bisashe a kasuwar Dakoro, amma in ya zo gaishe ni a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina duban turmi. In akwai magana, sai ta bi ta bakin wani. Labarin kujerar ma haka ya iso: ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa mini, na ce a ce masa Allah ya yi albarka, alhali yana tsaye a tsakar gida yana jin mu.

To amma duk abin da na hana uban, ɗan na ba. Jikan nan nawa shi ne mijina na wasa. Maigida nake ce masa tun yana tafiya ba wando, shi kuma ya ce mini tsohuwa, ko amarya in yana son fura. Daga lakwal ɗin unguwarmu aka kai shi Maraɗi, daga Maraɗi sai Yamai, daga Yamai sai wata ƙasa can bayan hamada, aka ce karatun jirgin sama yake yi. Ni na ɗauka tuƙi yake koyo. Da na tambaye shi ta waya sai ya ce a'a, shi fiffike ne aikinsa. Na ce to, Allah ya taimaka, a raina kuwa na ce duk jirgin nan da girmansa an rasa abin da za a ba yaron nan sai fiffike.

Cikin bazara ya zo, don ya raka ni. Zafin shekarar nan ko ƙadangare ba ya ratsa tsakar gida da rana. Ya zo da jaka ɗaya da abin nan nasu mai buɗewa kamar faifai biyu da aka ɗinke, ordinatar, wadda wasu ke ce wa kwamfuta. Da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma gindin bedi, itacen dogon yaron nan na tsakar gida, ya jawo waya daga fanon rana mai ba mu lantarki da ke kan ɗaki, ya duƙa, ba ya ɗagowa sai an kira salla.

Ran nan na dama masa fura na kai. Na zo ta bayansa, bai ji ni ba. A cikin gilashin na ga jirgi fari yana tafiya, sama shuɗiya, ƙasa ja da tuddan rairayi da ƴan itatuwa jefi-jefi, sak ƙasarmu in ka nufi arewa. Na tsaya ina sha'awa. Sai jirgin ya ɗaga kai. Ya ƙara ɗagawa. Sai ya kama karkarwa kamar mai masassara, fiffike ɗaya ya karkata, ya juyo yana katantanwa kamar busasshen ganye, har ya kifa cikin jar ƙasar nan. Jikana ya ja tsaki, ya taɓa nan ya taɓa can, sai ga jirgin ya dawo lafiyayye a sama. Ya sake ɗaga kai, ya sake karkarwa, ya sake kifawa. Ya sake jan tsaki. Da ya waiwayo ya gan ni da ƙwarya a hannu, sai ya yi maza ya rufe abin.

Ni fa na san wannan zama. Ina yarinya, gwaggona takan ja ni wajen wani mai bugun ƙasa a bayan kasuwa. Na tuba da wannan tuntuni, amma ido ba ya manta abin da ya gani. Mutumin yakan baje rairayi, ya yi zane da yatsa, ya duba, ya shafe, ya sake. In abin da ya fito na alheri ne, sau ɗaya yake yi ya ɗago da fara'a. In kuwa mugun abu ne, sai ya yi ta shafewa yana sakewa, ko zai fito daban, yana tsaki, ya ƙi haɗa ido da mai tambaya. Abin da jikana yake yi ke nan, ba ragi. Ga shi ya yi karatu mai zurfi, ga na'urar Nasara wadda aka ce ba abin da ba ta sani, ga ƙasarmu a ciki, ga ni ina shirin hawa jirgi. Na haɗa wannan da wancan, na koma ɗaki.

Kada ku ce tsohuwa ta ji tsoron mutuwa. Mutuwa rigar kowa ce, na kuma ga masu sa ta da yawa. Likkafanina yana cikin adaka a ninke tun bayan rasuwar malam mijina, na kuma san gefen da nake so a sa ni a maƙabarta. Wanda ya cika a Makka ya yi sa'a, wanda ya cika a ɗakinsa ya samu sutura. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tsakani: a ce mutum ya watse a cikin daji, ba mai yi masa wanka, ba mai karkata fuskarsa gabas, ba tudun da jikoki za su tsaya su yi addu'a. Wannan ne ya hana ni cin tuwo. Na daina zuwa masallacin da ake koya wa maniyyata yadda ake aikin hajji. Kullum kuma in na leƙa daga bakin ɗaki, jirgin nan yana faɗuwa, yaron nan yana tsaki.

Na yanke a raina ba ni zuwa. Amma ta yaya ake mayar wa mutum kyauta irin wannan, mutumin da ba ki taɓa yi wa magana baki da baki ba? Surukata, wadda ita ce bakina zuwa gare shi, ta tafi Sabon Maci wajen haihuwar ɗiyarta. Ga lokaci yana matsowa, har an fara maganar motar da za ta kwashe mu zuwa Yamai. Bakin da ya rage mini guda ne, shi ne na mai jirgin.

Wata safiya na gama sussuka ina shiƙa a bayan rumbu, iska tana ɗan kaɗawa daga yamma, irin wadda ke gaba da damina. Na kira shi.

«Maigida, zo in aike ka.»

«Yau kuma miji ake aike? Tsohuwa, auren nan namu ya lalace.»

«Ka tahi ka ce wa babanka a ba wani kujerar nan. Ƙafafuna ba su iyawa.»

Ya dube ni, ya dubi ƙafafun. «Waɗanne? Waɗanda suka tahi ƙauyen Rumbu gaisuwar mutuwa suka dawo suka ɗora sanwa? Nemo wata ƙaryar, amarya, wagga ba ta da gishiri.»

Na ajiye ƙwarya. Na ce: «To na ga abin da kake gani. Ba sai ka ɓoye mini ba. Na ga yana faɗuwa, na ga kana shafewa kana sakewa, bai taɓa fitowa daban ba. Allah ya saka maka da ka ji tausayina, amma ni ba yarinya ba ce.»

Ya dube ni har abin ya shige shi. Na ga dariya ta taso masa har ta cika kumatu. Sai ya dubi fuskata da kyau, ya ga yadda na rame, ya haɗiye ta. Wannan haɗiyewar ban manta masa ita ba. Ya durƙusa a gabana cikin ƙaiƙayi, ya ce:

«Kaka, abin nan bai san gobe ba. Ko jiya bai sani ba. Abin da na zuba masa shi yake mayar mini. Kuma ba faɗuwa yake yi don kansa ba, ni nake kada shi, da gangan.»

«Da gangan? Don mi? Mi ya yi maka?»

Sai ya zauna ya warware mini. Ya ce masu tuƙin jirgi ba a sama suke fara koyo ba. Akwai wani ɗaki da ake ginawa a ƙasa, kamar gaban jirgi, da kujera da sandar tuƙi da gilasai masu nuna sama. A ciki ake jefa su cikin kowace irin masifa, su faɗi, su tashi su sha ruwa, su sake. Amma fiffiken da ke cikin wannan ɗaki ba ƙarfe ba ne, lissafi ne. In lissafin ya yi ƙarya, matuƙi ya koyi ƙarya, ran da ya haɗu da fiffiken gaskiya hannunsa zai yi abin da ba shi ba. Shi aikinsa ke nan, ya sa fiffiken lissafi ya yi halin na gaskiya, musamman a wurin da iska take sakinsa. An ba shi awon wani fiffike na gaske da aka gwada a wani dogon ɗaki da ake hura iska. Wancan, in iska ta sake shi, kai yake sunkuyarwa kawai. Nasa kuwa sai ya karkata hagu ya yi katantanwa. Tsakin da nake ji, na wannan ne.

Na ce: «Iska ta sake shi? Da riƙe shi take yi?»

Ya tashi ya ɗauko faifaina. Ya sa na riƙe shi a kwance da hannu biyu, na fuskanci inda iska take fitowa. Ban ji kome ba. Ya ɗan ɗaga bakin faifan na gaba, sai na ji yana neman tashi daga hannuna. Ya ƙara, ya ƙara tashi. Sai ya ɗaga shi sosai, nan take faifan ya kama rawa, ya daina ja sama, ya dawo yana turo ni baya. Hannuwana sun san wannan tun ban kai turmi tsawo ba, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Ya debo ƙaiƙayi ya saki a gaban faifan. In an ɗan karkata shi kaɗan, ƙaiƙayin ya bi bayansa ya wuce sumul. In an ɗaga da yawa, sai ya tattaru a baya yana juyawa kamar ƴar guguwa.

Muka koma gindin bedi ya buɗe abin. Ya nuna mini fiffiken shi kaɗai, da zare-zare masu launi suna bi ta kansa da ƙarƙashinsa, ya ce iska ce aka yi wa launi don a gan ta. Ya ce ya yayyanka fiffiken gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa na'urar tana lissafa yawan iskar da ta same ta, da yadda ta karkata, da ƙarfin da take ɗagawa, sannan ta haɗa duka. Gaɓoɓin bakin fiffike ne suke saurin sakin iska a nasa lissafin, shi ya sa yake juyawa. Ya ɗaga kan jirgin a hankali, na ga zare-zaren nan da ke kwance a bayan fiffike sun fara tashi, sun hargitse, sun koma kamar ƙaiƙayina.

«To ƙasarmu fa? Mi ya kai ta ciki?»

«Zafinmu nake so. Iskar zafi ba ta da kauri, kamar kunun da aka cika wa ruwa, ba ta ɗaukar fiffike kamar ta sanyi. Na ce in zan gwada, bari in gwada da ta gida.» Ya ɗan sosa ƙeya. «Kuma can in na buɗe na ga jar ƙasa, sai in ji sanyi a raina.»

«Rufewar da ka yi da ka gan ni fa?»

«Fura, tsohuwa! Ƙwarya cike, hannu na rawa, a kan aikin shekara guda. Ko ke ce ai kin rufe.»

Na ce ja'iri. Amma zuciya ba ta kwanta duka ba. Na ce masa mu dai an hane mu kwatanta mugun abu, ko da wasa yaro ya kwanta ya ce ya mutu sai an buge masa baki. Abin da ake yawan kira yana amsawa.

Bai yi gardama da ni ba. Ya jawo wata ƴar sanda mai gindi, ya ɗora hannuna a kai, ya ce in tuƙa. Na ce a'uzubillahi. Ya ce ba kowa a ciki, ko kaza babu. In na jawo sandar wajena jirgi ya ɗaga kai, in na tura ya sunkuya. Na jawo, ya ɗaga, na ji daɗi, na ƙara jawowa. Sai karkarwa. Da na ga yana nitsewa sai na rungumo sandar har ƙirjina don in tsamo shi, ya kuwa kife.

«Kin kashe mana jirgi, amarya. Sake. In ya fara rawa, tura. Bar shi ya sunkuyar da kai, iska ta dawo ta kwanta a bayan fiffike, sannan ki ɗago a hankali.»

«Yana faɗuwa in ƙara tura shi ƙasa? Kai, wanga yaro, a lakwal ɗin aka koya maka haka?»

«Awo. Shi ya sa ake koyo a ƙasa. Hannun kowa jawowa yake so, har na matuƙan.»

Gaskiyarsa. Kunne ya ji, hannu ya ƙi. Ranar nan na kada jirgi har na daina ƙirga, washegari ma haka. Tuwo dai na koma ci, don tuƙi yana sa yunwa. Sai wani hantsi, jirgin ya kama rawarsa, na ce bismillahi na tura sandar. Jar ƙasa ta taso ta cika gilashi. Sai rawar ta tsaya. Zare-zaren iska suka koma suka kwanta. Na jawo kaɗan kaɗan kamar mai jan guga cike, ƙasa ta koma ƙasa, sama ta koma sama.

Na juyo wajen jikana. Sannan na tambaye shi: «Wanda zai ɗauke mu, shi ma ya faɗi a irin wannan?»

«Har ya gaji da faɗuwa.»

Na tuna yadda muke sakin yaro mai koyon tafiya a rairayin tsakar gida, ya faɗi ya tashi muna tafa masa, don kada ya je ya yi faɗuwar fari a bakin rijiya. Ba wanda ya taɓa cewa muna kira masa mugun abu.

Muna nan sai na ji gyaran murya a bakin zaure. Uban ne, ya dawo daga kasuwa da ƙurar bisashe a riga. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Na saki sandar, na ja mayafi, na mai da ido ga gindin bedi. Ya durƙusa daga can nesa ya gaida ni, na amsa. Sai ya ce da ɗansa, murya ƙasa ƙasa:

«An ce mini ba a ganin ta a masallaci wajen koyo. Ka tambaye ta ko lafiya. In akwai abin da ba ta so, kada ta ji nauyi.»

«Baba, ga ta ga ka, taku nawa ne tsakaninku?»

«Kai dai tambaye ta.»

Ja'irin ya juyo yana danne dariya. «Tsohuwa, wai ko lafiya. Kuma akwai wani saƙo da aka ba ni rannan, ban kai ba. In kai yanzu?»

Na ce: «Wannan saƙon ya kwana, ya lalace, zubar da shi. Ka ce masa lafiya lau. Ka ce masa in ana zaɓen wurin zama, a nema mini kusa da taga, inda zan riƙa ganin fiffike.»

Ban dubi fuskarsa ba, ban san abin da ta nuna ba. Na dai ji ya ce to, ya sake cewa to, ya tashi ya fita.

A Yamai ba a ba ni taga ba, amma wata yarinya ta yi mini kara muka yi musanya. Kusa da ni wata tsohuwa ce daga Ɗan Gulbi, tun da muka zauna take riƙe da carbi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da zanena. Fiffiken gaskiya ya fi na gilashi tsawo nesa ba kusa ba, bakinsa yana ɗan lanƙwasa yana dawowa. Ban ga zare-zaren iska ba, amma na san suna nan kwance. Da aka zo sauka, sai bayan fiffiken ya fara zamewa yana buɗewa, wani na fita daga ƙarƙashin wani, da ƙugi. Matar nan ta ƙanƙame ni.

«Yaya, ya ɓalle! Wallahi ɓallewa yake yi!»

Jikana ya riga ya gaya mini wannan. Na ce: «Sake ni, baiwar Allah. Ba ki taɓa ganin shamuwa za ta sauka kan gawo ba? Ai sai ta baje gashinta duka. Ƙara faɗi yake yi don ya tafi a hankali iska ba ta sake shi ba.»

«Ke kuma a ina kika sani?»

«Na tuƙa,» na ce mata. Ta dube ni, ta saki zanena, ta ɗan matsa can.

Da na dawo gida gero har ya kai gwiwa, maigidan nawa ya riga ya koma wajen karatunsa. Ya kira ta waya, aka kara mini a kunne. Bayan barka da sauka da neman tsaraba, na tambaye shi abin da ke raina tun a hanya, ko nasa ya daina karkata hagu.

«Ya daina, Hajiya amarya. Yanzu kai yake sunkuyarwa, daidai inda na gaskiya yake yi. Mushe malaminmu ya duba ya karɓa.»

«Wato yana faɗuwa yadda ake so?»

«Yadda ake so.»

Na ce madalla, Allah ya yi maka albarka, ya sa ya yi ta faɗuwa nan kan tabarma.